ZUWA DA KAI YA FI AIKE

Yau ina so mu yi tunani tare a kan wata tambaya mai sauƙin yi, mai nauyin amsawa: yaushe ne kyauta take cika? Sa'ad da ta bar hannun mai bayarwa, ko kuwa sa'ad da ta shiga hannun mai bukata?

Mu da muke zaune a Tamanrasset mun san wannan tambaya, ko da ba mu taɓa furta ta ba. Da yawa daga cikinmu baƙi ne, neman abinci ya kawo mu, gida kuwa yana can kudu, bayan In Gezzam da Asamaka da Arlit da Agadas. Da wuya mako ya wuce ba a ba wani direba ko wani mai komawa gida saƙo ba: ɗan kuɗi, katan na taliya, buhun dabino, bargo, madarar gari. Wanda ya ba da saƙon yakan koma ɗakinsa da sanyin zuciya, ya ce ya sauke nauyi. Amma tsohuwar da ke jira a Damagaram ko Maraɗi ba ta san an sauke wani nauyi ba, sai ranar da aka yi sallama a ƙofarta.

Zan ba ka labarin wani mutum wanda wannan tambaya ta ci ransa. Sunansa Roberto Clemente, shahararren ɗan wasan besbol.

Wane ne Clemente?

Ba a cika yin besbol a ƙasashenmu ba, saboda haka bari in bayyana maka shi a taƙaice. Mutum ɗaya yakan jefo wata ƙaramar ƙwallo mai tauri da iyakar ƙarfinsa, wani kuma ya tare ta da kulki. In ya buge ta, sai ya ruga a guje yana neman ya zagaya tashoshi huɗu, abokan hamayya kuwa suna ƙoƙarin cafke ƙwallon su jefo ta ta riga shi isa. Wasa ne mai wuya ƙwarai. Wanda ya yi bugu mai kyau sau uku cikin goma, gwani ake ce da shi. A Amurka da tsibiran Karibiyan, yadda yaranmu suke mafarkin ƙwallon ƙafa, haka nasu suke mafarkin besbol.

An haifi Clemente ran 18 ga Agusta, 1934, a garin Carolina cikin tsibirin Puerto Riko, wanda yake ƙarƙashin Amurka amma Sifaniyanci ne harshen mutanensa. Baƙar fata ne, shi ne auta a gidansu. Mahaifinsa Melchor shugaban leburori ne a gonar rake. Tun yana saurayi aka ga baiwarsa, ya fara yi wa ƙungiyar Santurce wasa a 1952. A 1954 ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta ɗauke shi ta tura shi Montreal ta ƙasar Kanada, kafin shekarar ta ƙare kuma sai Pittsburgh Pirates ta karɓe shi. Ya fara yi mata wasa a watan Afrilu na 1955, bai kuwa sāke ƙungiya ba har shekara 18. Lambar rigarsa 21.

Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci zai gane abin da ya tarar. Shekara takwas ne kacal da Jackie Robinson ya zama baƙar fata na farko a babbar gasar ta zamanin nan, a 1947, wariyar launin fata kuwa tana nan da ƙarfinta. A jihar Florida, inda ƙungiyar take zuwa horo kafin a fara gasa, ba a yarda baƙar fata ya kwana a otal ɗaya da farare ba. In an tsaya cin abinci a hanya, abokan wasansa su shiga ciki, shi da sauran baƙaƙe su jira a mota a kawo musu. 'Yan jarida sukan rubuta maganarsa da gurguwar Ingilishi yadda ya furta, don masu karatu su yi dariya. Suka so su sāke masa suna zuwa Bob, ya ce sunansa Roberto. Ya yi hatsarin mota a ƙarshen 1954 wanda ya bar masa ciwon baya, amma in ya ce bayansa na ciwo sai a ce raki ne.

Da aikinsa ya amsa musu. Sau huɗu yana zama gwanin bugu na gasarsu, a 1961 da 1964 da 1965 da 1967. A 1966 aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa a gasar. Sau 12 a jere yana karɓar lambar gwanin tsaron fili, gama ƙarfin jifarsa ya sa masu gudu suna tsoron gwada shi. Ƙungiyarsa ta ci kofin zakarun Amurka a 1960 da 1971, a na biyun kuwa shi ne gwarzon gasar. Da aka miƙa masa makirfo a gaban dukan ƙasar a ranar, sai ya fara da harshen gidansu, ya nemi albarkar iyayensa, sa'an nan ya juya zuwa Ingilishi. Ran 30 ga Satumba, 1972, ya cika bugu mai kyau na 3,000, abin da mutum goma kaɗai suka yi kafin shi. Yana da shekara 38, da suna, da dukiya, da matarsa Vera, da 'ya'ya maza uku.

Daren ƙarshen shekara

A watan Nuwamba na 1972 ya je ƙasar Nikaragwa a matsayin mai horar da 'yan wasan Puerto Riko a wata gasa ta duniya. Ya yi makonni a can, ya saba da mutanen. Bai daɗe da komawa gida ba sai girgizar ƙasa ta rushe Managwa, babban birnin ƙasar, ran 23 ga Disamba. Dubban mutane suka mutu, dubban ɗaruruwa suka rasa wurin kwana.

Clemente ya shugabanci kwamitin tara gudummawa a Puerto Riko. Ya bar shagalin Kirsimeti ya tsaya a filin wasa na Hiram Bithorn yana karɓar abinci da tufafi da magunguna daga hannun jama'a. Aka tura jirgin sama har sau uku. Sai labari ya zo cewa kayan ba sa isa ga mabukata, jami'an gwamnatin Anastasio Somoza, wanda sojojin ƙasar suke hannunsa, suna karkatar da su. Sai Clemente ya yanke shawara zai bi jirgi na huɗu da kansa, yana ganin ba za su iya ƙwace kayan a gaban idonsa ba.

Jirgin da aka samu haya tsoho ne, ƙirar DC-7. Makonni kaɗan kafin haka ya faɗa cikin rami a filin jirgi ya lalace. An yi masa lodin da ya wuce ƙa'ida da kusan kilo 1,900. Ba shi da cikakkun ma'aikata, har mai jirgin da kansa ya zauna a kujerar mataimakin matuƙi alhali ba shi da izinin tuƙa irinsa. An yi sa'o'i ana gyare-gyare kafin ya tashi, da daren 31 ga Disamba, 1972. Tashinsa ke nan inji ɗaya ya lalace, ya faɗa cikin teku kusa da gaɓar Isla Verde. Mutum biyar ne a ciki, babu wanda ya tsira. Abokin wasansa Manny Sanguillén ya yi ta nutso a wurin yana nemansa, amma ba a taɓa samun gawar Clemente ba.

Ya yi daidai kuwa?

A nan ne tambayarmu ta yi zafi. Mutane suna yabonsa, yabo kuwa yana da sauƙi ga wanda ba mijinsa ko ubansa aka rasa ba. Bari mu saurari mai suka tukuna, gama yana da hujja.

Mai suka zai ce, wannan mutum yana da mata da yara uku, babbansu shekararsa bakwai. Alhakinsu yana wuyansa kafin alhakin mutanen wata ƙasa. Ya riga ya yi abin da ya fi na kowa: ya ba da kuɗinsa, ya ba da lokacinsa, ya tara kaya. In an sace kayan a can, laifin ɓarayi ne, ba nasa ba. Da ya zauna a gida, da ya ƙara shekaru yana taimakon dubbai. Ga shi kayan jirgi na huɗu ma suna ƙarƙashin teku, ba su amfani kowa ba. Me aka ci?

Wannan magana ba ta banza ba ce, kada ka yi saurin ture ta. Akwai mutanen da suke kirki a waje, gidansu kuwa yana kuka. Akwai masu neman a yabe su da sadaukarwa, iyalinsu ne ke biyan kuɗin yabon. In da irin wannan ne ya kai Clemente cikin jirgin, da mai suka ya yi gaskiya.

Duk da haka, ni a ganina tafiyarsa daidai ce. Ga dalilaina.

Na fari, kayan ba nasa kaɗai ba ne. Talakawan Puerto Riko ne suka kawo, wani gwangwanin madara, wata zanen jikinta, sun kuwa kawo ne domin sun amince da shi. Sunansa ne ya fito da su daga gidajensu. Daga ranar da ya ji ana sace kayan, yana da zaɓi uku: ya ci gaba da karɓa yana turawa bakin kura, ko ya daina ya bar masu yunwa da yunwarsu, ko ya bi kayan. Na farkon yaudarar masu bayarwa ne. Na biyun juya wa masu bukata baya ne. Wanda ya ce wa jama'a su kawo, ya ɗauki alkawarin kaiwa, ko bai faɗa da baki ba.

Na biyu, yana da abin da sauran 'yan kwamitin ba su da shi, watau fuskar da kowa ya sani. Sojan da zai ture ma'aikacin agaji ya ƙwace buhu, zai yi tunani sau biyu kafin ya yi haka a gaban mutumin da jaridun Amurka za su buga maganarsa washegari. Shekara 18 ya yi yana gina wannan suna da gumi da haƙurin cin mutunci. Suna irin wannan jari ne, mai shi kuwa yana iya kashe shi a kan kansa, yana iya kashe shi a kan wanda ba shi da murya. In kana da abin da zai buɗe ƙofar da ta gagari kowa, nauyin da ke kanka ya fi na wanda ba shi da shi.

Na uku, bai tafi neman mutuwa ba. Tafiyar kai kaya ce, ya sauke ya dawo wurin iyalinsa. Kasada kuwa ba laifi ba ce a kanta. Kai da kake karanta wannan a Tamanrasset, ai hamada ka ƙetare kafin ka zo. Ka san hanyar tana cin mutane, amma ka auna ka ga akwai dalili. Abin tambaya ga kowace kasada shi ne, saboda me, saboda wa kuma?

Ka tuna misalin Basamariyen nan a Luka sura 10. Hanyar da ya tsaya a kai ta 'yan fashi ce, tsayawar kanta kasada ce. Bai ɗaure wa mutumin rauni ya wuce abinsa ba. Ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya, ya kuma yi alkawarin dawowa ya cika sauran. Da ya ajiye kuɗi kusa da mai raunin ya tafi, ai ya ba da wani abu, amma da mutumin ya mutu da kuɗin a gefensa.

Kyakkyawar niyya ba ta gyara inji

Sai dai akwai rabin maganar da masu yabo ba su cika faɗa ba. Tafiyar daidai ce, jirgin kuwa bai cancanci ya tashi ba. Clemente ɗan wasa ne, ba makanike ba, ya dogara ga maganar mai jirgi. Gaggawa ta yi yawa, mutane suna yunwa, jirage sun yi wuya, ga wanda ya ce zai kai. Amma teku ba ta tambayi abin da ke cikin buhunan ba. Nauyin da ya wuce ƙa'ida nauyi ne, ko na magani ne ko na kayan sata.

Mu ma mun san wannan da hawaye. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa kuwa daga yankin Kance na jihar Damagaram. Nan Tamanrasset suka nufa. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Ƙasar Nijar ta yi makokin kwana uku. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya fito da mugun nufi, abinci suka fito nema.

Saboda haka, ɗan'uwana, kada ka ce tun da alheri za ka yi, ba sai ka duba taya da ruwa da yawan lodi ba. Tambayar lafiyar mota ba rashin dogara ga Allah ba ne. Shi ne ya ba ka ido da hankali da bakin tambaya. In direba ya ji haushi don ka tambaya, wannan ma amsa ce. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Jinkirin kwana biyu ya fi saƙon da ba zai taɓa isa ba, ya kuma fi marayu.

Wa ya kashe shi?

Bari mu bi sawun abin daga baya. Me ya sa jirgin ya faɗi? Domin wani ya yi haya da abin da ya san ba shi da lafiya, shi ma kuwa ya mutu a ciki. Me ya sa Clemente yake cikin jirgin? Domin waɗansu a Managwa sun ci kayan marayu. Da jirage ukun farko sun kai ga masu su, da yana gida da iyalinsa a daren sabuwar shekara.

Jami'in da ya karkatar da buhun shinkafa bai taɓa Clemente ba, watakila ma yana sha'awar wasansa. A ransa buhu ɗaya ne cikin dubbai, wa zai lura? Amma cin amana ba ya tsayawa inda aka yi shi. Yakan hana mai yunwa abinci, ya kashe zuciyar mai bayarwa, ya tilasta wa mai gaskiya ɗaukar kasadar da bai kamata ta zama dole ba. Satar kayan agajin nan tana cikin abubuwan da suka juya zuciyar mutanen Nikaragwa daga Somoza. An hamɓarar da shi a 1979, aka kashe shi a gudun hijira a Faragwai a 1980.

Wannan kashedi ne gare mu, gama kowannenmu wata rana shi ne ɗan aike. An ba ka kuɗi ka kai wa matar wani, ka ce bari ka juya su tukuna, ka biya in ciniki ya yi kyau. An tara gudummawa domin jinyar wani ko domin kai gawa gida, ka cire kuɗin wahalarka ba tare da ka faɗa wa kowa ba. Kana gani ƙaramin abu ne. Ba ka ga yaron da aka fasa kai wa asibiti a wannan makon ba. Ba ka ga mai saƙon da zai daina amincewa da kowa ba, ya bar aikinsa ya hau kowace irin mota ya kai da kansa. In wani abu ya same shi a hanya, kana da kaso a ciki.

To, me za mu yi?

Ba kowa ne zai iya bin saƙonsa ba. Aiki ya riƙe wani, takardu sun riƙe wani. Amma zuwa da kai yana da ƙannai. Ka zaɓi ɗan aike saboda halinsa, ba saboda arharsa ba. Ka ba shi a gaban shaida, a faɗi adadin a fili, wannan kariya ce gare ku duka biyu. Ka buga waya gida ka ji ko ya isa, nawa kuma ya isa. In kai ne ka tara gudummawar jama'a, ka dawo ka gaya musu abin da aka samu da inda ya tafi, tun kafin su tambaya. Mai gaskiya ba ya jin zafin lissafi. In kuwa kana da suna ko matsayi ko harshen da ake saurara a inda 'yan'uwanka ba sa iya magana, kada ka tsaya ga miƙa kuɗi. Ka raka marar lafiyan nan asibiti. Ka tsaya kusa da leburan da aka hana haƙƙinsa. Sau da yawa tsayuwarka ta fi abin da ke aljihunka amfani.

Bayan mutuwar Clemente, a 1973, aka sa sunansa a zauren tunawa da gwanayen besbol ba tare da an jira shekara biyar ɗin da aka saba ba. Ƙungiyarsa ta ajiye lamba 21, ba ta ƙara ba kowa ba. Aka kuma sa sunansa a kan lambar yabon da ake ba ɗan wasan da ya fi hidima ga jama'a kowace shekara. Vera ta yi renon yaran, ta ci gaba da aikin filin wasannin yara da mijinta ya yi burin ginawa a Carolina, har ta rasu a 2019. Waɗannan duka abin girmamawa ne, amma ba su mayar wa yara uku ubansu ba. Wannan shi ne kuɗin da iyali ɗaya suka biya saboda waɗansu sun kasa riƙe amana.

Yanzu ka tambayi kanka, mai karatu. Akwai saƙon wani a hannunka wanda ya kwana fiye da yadda ya kamata? Ka kai shi a wannan mako, in ya ragu ka faɗi gaskiya ka cika. Akwai alherin da ka fara ka bari a rabin hanya, kana cewa ai ka yi naka? Ka bi sawunsa ka ga inda ya tsaya.

Allah ya sa mu zama masu kai amana inda aka aike mu, ya kuma kiyaye dukan matafiya a kan hanya. Amin.